Hular Dogo a Bakin Na'ura

A masana'antar nan da ake niƙa dutse mai tururin nukiliya, ba yawan ƙura kaɗai ake tsoro ba, har da girmanta. Mai kauri hanci ke tare ta, a fyace a huta. Mai laushin nan kuwa da ido ba ya gani, ƙasan huhu take zarcewa ta shimfiɗa tabarma.

To, ranar da aka gano bututun zuƙe ƙura ya wuni yana yoyo, sai aka kashe wuta, aka kora ma'aikata ɗakin canza kaya, aka ja ƙofa. Ba taga, ba fanka, sai warin gumi. Babu mai fita sai Mai Awo, ma'aikaciyar da ke gwada iskar wurin, ta faɗi irin ƙurar da suka shaƙa. Na'urarta tun safe take rataye a ɗakin niƙa tana zuƙar iska, cikinta faranti bisa faranti kamar rariya: manyan ƙwayoyi su tsaya sama, ƙanana su sauka ƙasa.

Dogo mai kula da injin niƙa ya takure a lungu, kai ba hula.

"Yaya, yau sanƙon ne ke shan iska?" in ji ƙaninsa, abokin aikinsa.

Kowa ya dara, ban da Dogo. Da safe ya ga na'ura sabuwa fil cikin ƙura, tausayin kayan mutane ya kama shi, ya kifa mata hularsa a baki kada ta lalace. Wajen fitowa ya fizge hular, ta faɗa bayan injin.

Can sai Mai Awo ta buɗe ƙofa. "Farantin ƙasa fes yake. Ku tafi gida. Gobe ma takunkuminku na kullum ya isa."

Aka hau neman takalma. Ƙanin ya yi ɗan tari, ya share baki da hannu. Dogo ya dube shi, ya dubi hasken waje.

"Malama," ya ce, "na'urar nan ba ta shaƙi komai ba. Hulata ce a bakinta."

"Tun yaushe?"

"Tun safe."

Sai ta ce, "Ku koma ku zauna. Hancin kowa za mu goga da auduga mu auna, daga nan sai gwajin huhu."

Ƙofa ta sake rufewa. Wani ya yi tsaki. Ƙanin ya yar da takalminsa, ya zauna kusa da wansa.

"Yaya, ka ji tausayin ƙarfe," ya ce. "Ai da ni ka kifa wa hular."