Babban Yatsan Sirajo

Motar ba ta kai Ambursa ba Sirajo ya juyo daga kujerar gaba, hularsa na gogar rufi, ya nuna abokinsa Malami da yatsa.

"Sake hwaɗi in jiya! Wane gem na ka ce ya hi?"

"Sabon mana," in ji Malami, yana dariya a tsakiyar kujerar baya. "Ciyawar hili ma ɗai-ɗai kaka ganin ta. Naka ko, 'yan wasan kamar da gatari anka sassaƙa su."

"To ciyawa munka zo kallo? In ciyawa kaka so ga fadama nan, direba shi aje ka!"

Har direban sai da ya ƙyalƙyale. Silvanus mai gidan gem, wanda ke zaune gefen Malami, murmushi kawai yake yi irin na mutumin da ya ɗana tarko yana jira.

Sirajo tela ne a Gwadangaji, magidanci mai 'ya'ya biyu, kuma a shagonsa ko ƙara murya ba ya yi. Amma a taɓo zancen gem, sai ka rantse wani aka sauya. Tun yana saurayi yake buga tsohon wasan ƙwallo a gidan gem ɗin Silvanus. Da sabon ya fito, samari suka yi masa caa, talabijin biyu na gidan gem ɗin suka koma nasa. Saura ta uku, ta bakin ƙofa, inda Sirajo da tsofaffin abokansa ke haɗuwa bayan an tashi aiki. Ita ma Silvanus ya ce zai goge tsohon ya ɗora mata sabon.

Ranar ce bakin Sirajo ya ja masa. Ya miƙe a gaban jama'a ya ce sabon gem na'ura ce ke buga wa mutum, wanda ya iya tsohon shi ya iya ƙwallo, kuma ko bai taɓa riƙe sabon ba, a kawo gwaninsu ya lallasa shi. Silvanus ya ce ya ji. Akwai Zulkifli a Argungu, wanda ba a taɓa tayar da shi daga kujera ba. In Sirajo ya ci shi a sabon, talabijin ta uku ta zauna yadda take. In ya sha kashi, a ranar za a goge.

Wanda bai sani ba zai ce wasan yara ne. Sirajo kuwa tsoro yake ji na gaske, don ya san in tsohon gem ya tafi, zaman bakin ƙofar nan ya watse, kuma ba shi da wata majalisar.

Sun shiga Argungu bayan azahar. Gidan gem ɗin yana bayan kasuwa, ƙamshin soyayyen kifi na shigowa ta taga, janareto na ruri a waje. Labari ya riga su isa, ɗakin ya cika har ana leƙe ta ƙofa. Zulkifli ya taso, siririn ɗalibi mai sanyin magana, ya ba Sirajo hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Yaya. Mun daɗe muna jin labarinka."

Ladabin ya ɗan rage wa Sirajo zafi, abin da bai so ba. Ya zauna, ya karɓi hannun gem, ya nufi wajen saiti kai tsaye don ya sauya aikin madannai. Sai mai gidan, wani ƙaƙƙarfa da ake kira Tamba, ya dafa kafaɗarsa.

"A'a, baƙo. Gidan ga ba a taɓa saiti. Yadda ka iske hannu, haka kaka buga shi."

Sirajo ya waiga wajen Silvanus yana neman ceto. Silvanus ya buɗe hannuwa.

"Dokar shagona ce ita ma, Tela. Kai ne ma kake kora wa baƙi bayaninta."

Gaskiya ne, kuma ba ta yi daɗi ba. Matsalar ƙarama ce a ido: a tsohon gem, madanni mai zanen akwati shi ne na buga ƙwallo raga. A sabon kuwa mai zanen sifiri ne, akwati kuma ɗaga ƙwallo yake yi sama zuwa gefe, abin da 'yan ƙwallo ke ce wa kurosi. Sirajo ya san wannan sarai, don da shi yake yi wa sabon gori.

Aka take wasa. Kai, ashe Tela ba cika baki kawai ya iya ba! Ya yanke ɗan baya na farko, ya zille wa na biyu, ɗaki ya ɗauki "Kai! Kai! Kai!" Ga shi daga shi sai gola. Babban yatsansa ya faɗa kan akwati, ƙwallo ta tashi sama a hankali ta sauka can wajen tutar kwana.

Dariyar da aka yi har masu kifi sai da suka leƙo.

"Tantabara yat tasa!" wani ya yi ihu daga baya.

Ya sake samun dama, ya sake tayar da ita. Ta uku ma haka. Zulkifli bai yi dariya ba, ya dai lallaɓa ya zura ɗaya a raga, ya gyara zama. Aka tafi hutun rabin lokaci gumi ya jiƙa wuyan rigar Sirajo.

Malami, wanda ya biyo su musamman don ya ga faɗuwarsa, shi ne ya durƙuso kusa da kunnensa. Abin ya tashi daga tsoho da sabo, ya koma Gwadangaji da Argungu.

"Sihiri, Sirajo! Sihiri zaka dannawa! Mi ad da wuya?"

"Kaina ya sani," in ji Sirajo cikin haushi. "Yatsan na bai sani ba."

Ya zauna yana kallon yatsan kamar yaron da ya ba shi kunya a gaban baƙi. Can sai ya yi tsaki, ya gyara hula. Tunda yatsa ya nace sai kurosi, to, a ba shi kurosi.

Da aka dawo ya daina kutsawa ta tsakiya. Ya ja ƙwallo ta gefen fili, ya ruga da ita har kusa da layi, ya bar yatsa ya yi halinsa. Ƙwallo ta tashi, dogon ɗan gabansa ya yi tsalle ya sa mata kai. Raga! Malami ya daka tsalle har ya taka ƙafar Tamba, Silvanus ma ya manta da wane ɓangare yake, ya yi tafi.

Daga nan wani abu ya fara faruwa da Sirajo wanda bai shirya masa ba. Ya ji nauyin ƙwallon a hannunsa. Ya lura in ɗan wasa ya gaji gudunsa na raguwa, in aka bangaje shi sai ya yi tangaɗi kafin ya tsaya. Ya ba da wata ƙwallo ta ƙasa, ta ratsa tsakanin mutum biyu daidai inda zuciyarsa ta so, abin da tsohon bai taɓa yi masa ba. Daɗi ya kama shi, ya yi maza ya haɗe fuska kada a gani.

Zulkifli ya daina zaman ƙasaita, ya sunkuyo gaba. Ya buga ɗaya ta daki ƙarfen raga, ɗaki ya yi "Wash!" Lokaci ya kusa ƙarewa Sirajo ya sake yin kurosi, gola ya doke ta, ta gangaro wajen da'ira inda ɗan wasansa ke tsaye shi kaɗai.

"Sihiri!" Malami ya kurma ihu, har da wasu 'yan Argungu.

Sirajo ya ciji leɓe, ya janye yatsan da ƙarfin tsiya ya danna sifiri. Ƙwallo ta tashi, ta lanƙwasa ta bayan gola, hannun gem ya yi rawa a tafinsa, raga ta girgiza. Bai san sanda ya miƙe ba, kujera ta faɗi.

"Allahu Akbar! Kai, wanga gem ɗin..."

Ya haɗiye sauran. Alƙalin wasa ya hura usur, ɗaki ya kacame. Zulkifli ya miƙo masa hannu yana murmushi.

"Yaya, ka ga yadda tat tahi ko? Naku na yin haka?"

"Sa'a ta," in ji Sirajo, bai yarda sun haɗa ido ba.

A hanyar komawa Malami ya kira duk wanda ya sani a waya, yana ba da labari har da ƙari. Silvanus ya ce magana ɗaya yake yi, talabijin ta uku ta tsohon gem ce har sai ta mutu da kanta. Sirajo ya yi godiya. Daga nan ya koma kallon gonakin shinkafa, a ransa ƙwallon nan tana ta lanƙwasawa.

Sun sauka Gwadangaji rana ta yi sanyi. Tsofaffin abokansa sun yi cincirindo a ƙofar shagon Silvanus, suna hango motar suka fara ihu. Kafin su iso, Sirajo ya riƙe hannun rigar Silvanus ya ja shi bayan mota.

"Oga Silba, da sahe akwai mutane shagon?"

"Babu kowa sai ni da tsintsiya. Lafiya?"

Sirajo ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Gobe in na zaka, ka kunna man sabon. Don Allah kada Malami shi jiya."

Silvanus ya dube shi, yana ta danne dariya.

"Ka biyo ta ƙofar baya," ya ce.

Sai ga abokan sun iso, suka ɗaga Sirajo sama suna "Tsoho ya ci sabo! Tsoho ya ci sabo!" Ya ɗaga hannu yana amsawa, muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi.