Likitan Bakin Ƙofa

Shekara tara na yi ina jinyar yara a gidan aikin matalauta na garinmu a Lancashire ta ƙasar Ingila, inda hukuma ke ajiye marasa galihu su yi aiki a bakin abinci, ba don na san magani ba, sai don ƙarfina ya ƙare a wanki. Likitanmu, Dakta Hargreaves, ran Litinin kaɗai yake zuwa, kuma iyakarsa bakin ƙofa. Ya toshe hanci da hankici, ya leƙa, ya juya. Ko ƙyanda ce ko gudawa, kwalba ɗaya ce maganinsa. Karen mai gadi ya fi shi sanin mara lafiya, shi ko ba komai yakan matso ya shinshina.

Dokar gidan ita ce uwa ba ta shiga ɗakin jinya sai likita ya ce ɗanta ba zai tashi ba. Letty, 'yar shekara bakwai, tarin fuka ya cinye ta, saura ƙashi da ido. Uwarta Dorcas tana ɗakin wanki, katanga ɗaya ce tsakaninsu, wata huɗu ba su ga juna ba.

"Iya Keziah, don Allah ki sa ya dube ta," in ji Dorcas. "Ko hannunta ne in riƙe."

Ran Litinin na ce wa yarinyar, "'Yar nan, in ya zo kada ki motsa. Ki kwanta yadda kike, ya ga halinki, sai a kawo miki innarki." Ta gyaɗa kai.

Amma tun tana ƙarama da bulala aka koya mata cewa in babban mutum ya zo, ɗan gidan matalauta miƙewa yake. Tana jin takun takalminsa ta dafa ƙarfen gado, ta miƙe tana makyarkyata, ta rusuna.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe."

Ya kalle ni ta saman hankicin. "Tsohuwa, wannan ce mai mutuwar? Ai ta fi ki ƙarfi. Ƙara mata cokali ɗaya."

"Ranka ya daɗe, ka matso ka taɓa goshinta mana."

"Yaushe kika zama likita?" Ya juya abinsa.

Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina shi ran nan ba, ga tufafi masu tsada, ga kai ba komai.

Ran Laraba da hantsi Letty ta cika. A take aka buɗe wa Dorcas ƙofa ba tare da izinin kowa ba, don dokar gidan ba ta hana uwa wanke gawa ba.