Kukan Keken Malam

Tun da likita ya ce ina da ciwon suga, maigidana Malam ya zama ɗan sanda a gidan nan. Ya kwashe sukari, ya hana jikoki sayo mini alewa. Kekensa ne ya rufa mini asiri. Gindin fedar nan kuka yake, ƙiii-ƙaƙas, ƙiii-ƙaƙas, tun daga kwanar masallaci nake jin dawowarsa daga gonar Miri. Kafin ya jingine shi a zaure na shanye shayina mai zaƙi, na ɗauraye kofi, na ɗauki carbi.

Ran nan ya ce ƙarar ta ishe shi, ya kai wa Toma mai gyaran keke a bakin layinmu.

To, lokacin da Juliana matar Toma ta haihu, ba uwa ba dangi a kusa, ni na yi mata wankan jego. Ban taɓa tuna masa ba, ajiye abina na yi. Na yafa mayafi, na same shi ya kife keken ya kwance feda.

Na ce, "Toma, hannun nan da ya sha ruwan zafin Juliana bai manta ba. Mayar da kukan nan yadda ka same shi."

Ya yi dariya. "Goggo, tunda nake, ba a taɓa cewa in sa wa keke kuka ba."

Ya zuba mini boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen gindin fedar, a tafin hannu. Duk sun cinye, wasu sun fashe, ba ɗigon giris. Ya ce, "In na mayar da waɗannan, wata rana feda za ta ƙage wa Baba a tsakiyar titi, gaban tirela."

Na dubi boris, na tuna shayi. Na ce, "Sa sababbi. Amma bashina yana nan."

Washegari da la'asar ina zaune, kofi a hannu, kunne a waje, na kasa ko kurɓa. Can sai na ji daga kwanar masallaci: ƙirrin, ƙirrin. Ƙararrawa. Na shanye da sauri, har ƙofar gida ana kaɗa ƙararrawar.

Malam ya shigo, ya dubi kofin yana ɗigar ruwa.

Na ce, "Toma ne ya sa maka?"

Ya ce, "Ni na saya. Yara sun yi yawa a layin nan."

Layin da ko akuya babu, yara duk suna Islamiyya.

Ya cire hula ya rataye, bai ko dube ni ba. "Cokali ɗaya, A'i. Ba uku ba."