Muryar da Sammani Ya Ara

Shekara ashirin da biyu Sammani ya yi yana fitowa a finafinan Hausa. Ya fito a malami, ya fito a ɗan sanda, ya fito a mai unguwa sau da yawa har ya daina ƙirgawa. Amma in ya ratsa titi a Fagge babu mai kiran sa da ɗaya daga cikin waɗannan. Oga Batir ake ce masa, shi ma in ya ji yakan waiwaya.

Oga Batir wani ɗan kasuwa ne Ibo da Sammani ya fito a matsayinsa a fim goma sha huɗu. Mai sayar da batir da tocila ne, yana da in'ina. In kalma ta maƙale masa sai ya runtse ido, ya dinga bugun cinyarsa har ta fito. Mutane sun haddace maganarsa: "Wa-wa-wannan orijina ne." Da wannan rawar Sammani ya gina gidansa na Kwaciri, da ita ya je Makka.

Abin da 'yan kallo ba su sani ba shi ne akwai mai wannan muryar. Kafin ya shiga fim, Sammani yana da teburin sayar da kaset a Kasuwar Sabon Gari, a bakin shagon wani mutum mai suna Uchenna. Shekara biyar suka yi tare. Uchenna ne ya bar shi ya ja wayar wuta daga shagonsa don ya kunna rediyo, a cikin shagon yake ajiye kwalayen kaset in an tashi kasuwa. Ranar sunan Abba, ɗan Sammani na fari, Uchenna da matarsa Bridget sun zo har Kwaciri da turmin atamfa. In Uchenna ya tafi cin abinci kuwa, Sammani yakan kwaikwaye shi don ya ba sauran 'yan tebur dariya. Ranar da wani darakta ya ce yana neman mai barkwanci, abin da Sammani ya yi masa ke nan. Daraktan ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce a kawo kyamara.

Bayan fim ɗin ya fito Sammani ya sayar da teburinsa. Tun daga lokacin, in ya shiga kasuwar ba ya bi ta wannan layin.

A bana sai Hajiya Yakaka, wata furodusa da ke da ofis a Fagge, ta kira shi. Ta ce tana son a dawo da Oga Batir a shiri mai dogon zango da za a riƙa sakawa a intanet duk mako. Sammani ya yi murna, don shekara uku ke nan ba a ba shi babbar rawa ba, sai fitowa biyu ko uku a matsayin uban wani. Aka kai shi gidan rediyo don tallan shirin. Mai gabatarwa ya tambaye shi inda ya samo Oga Batir.

Ya ce, "Daga kaina na ƙirƙiro shi. Baiwa ce Allah ya ba ni."

Bayan kwana biyu ya shiga wani kemis kusa da tashar jirgin ƙasa don ya sayi maganin hawan jini. Wata matashiya ce a bayan kanta, da farar riga. Ta karɓi takardar, ta ɗauko maganin, ta rubuta masa yadda zai sha. Sannan ta dube shi.

"Baba Sammani, ba ka gane ni ba."

Hausarta tas, irin ta 'yan Kano. Ya yi murmushin da ya saba yi wa masoya, ya ce ta yi haƙuri, fuskoki sun yi yawa.

"Adaeze ce, 'yar Oga Uche. Kai kake ɗora ni a kan teburinka ina wasa da kwalin kaset."

Murmushin ya tsaya masa a fuska. Ya ce, "Ikon Allah. Kin girma. Ya Oga?"

"Yana nan." Ta sa maganin a leda. "Na ji ka a rediyo shekaranjiya. Ka ce daga kanka ka ƙirƙiro shi."

"Ai kin san harkar fim, magana ce kawai ta talla."

"Ina aji huɗu a firamare lokacin da fim ɗin ya fito. 'Yar Batir ake kira na har na gama sakandare. Wannan bai dame ni ba sosai. Amma Baba, mutane kan zo shago ba don su sayi komai ba. Su tsaya su ce ya faɗi orijina. Wasu har da waya suke ɗaukar sa. Daga baya ya koma can ciki ya zauna, Mama ce ke magana da masu saye. A coci shi ke karanta sanarwa a da, duk da in'inarsa, ba wanda ya taɓa yi masa dariya. Shi da kansa ya ajiye."

Ba ta ɗaga murya ba. Akwai wata tsohuwa a bayansa tana jiran layi, ta gane shi, tana ta washe baki.

Adaeze ta miƙa masa ledar. "Ɗaya da safe, bayan ka ci abinci. Ka rage gishiri."

Da ya koma gida ya kasa cin tuwon rana. Matarsa Kubura ta tambaye shi ko jikin ne, sai ya gaya mata duk abin da ya faru. Ta ci gaba da tattara kwanuka.

Can ta ce, "Ni tun ranar da na kalli na farkon na gane shi. Har bugun cinyar."

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Na ce. Ka ce wasa ne, shi ma zai ji daɗi." Ta ɗauki tiren. "Atamfar da suka kawo da ita na yi goyon Abba."

Ranar Talata da hantsi ya shiga Sabon Gari. Ya sa hula ya ja ta har goshi, amma bai tsira ba. Tun daga bakin ƙofa masu turin baro suka fara, "Oga Batir, orijina ne?" Da can yakan ɗaga musu hannu, wani lokaci ma ya yi musu kaɗan. Ran nan ya sunkuyar da kai ya wuce, yana jin sunan na bin sa daga layi zuwa layi, yana matsowa da shi har ƙofar shagon da ya zo nema.

Shagon yana inda yake. Yanzu fitilun sola da caja suka fi yawa a ciki. Inda teburinsa yake da, wata mata ce ke sayar da rigunan wayar salula. Bridget na zaune a gaba, ta yi furfura. Ta gane shi nan take.

"Sammani. Yau kai ne a layinmu?"

"Ni ne, Madam. Oga yana ciki?"

Ta daɗe tana kallon sa kafin ta matsar da kujerarta ya wuce.

Uchenna na zaune a can ƙurya kan benci, da tabarau a hanci, yana gyaran wata tocila. Ya tsufa, ya rame. Da ya ɗago ya ga baƙon, sai ya ajiye sukurdireba ya miƙo hannu biyu.

"Sa-Sammani. Zauna."

Ya aika aka kawo lemo mai sanyi. Ya tambayi Kubura, ya tambayi Abba, ya ce ya ji an ce yaron ya shiga jami'a. Duk tambayar da ya yi sai Sammani ya ƙara jin kansa ya yi nauyi. Ya zo da shirin a zage shi. A hanya har ya tsara abin da zai ce in an zage shi. Bai shirya wa lemo ba.

Ya ce, "Oga Uche, na zo ne a kan fim ɗin nan. Na cuce ka. Na daɗe da sani, na ƙi zuwa."

Uchenna ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya fara magana, kalmar ta maƙale. Ya runtse ido, hannunsa ya tashi zai sauka a cinya, sai ya kama shi da ɗaya hannun ya riƙe. Sammani ya ga wannan. Ya kawar da kai ya kalli kwalayen da ke jikin bango.

"Na ka-kalla," in ji Uchenna a ƙarshe. "A gida muka kalla, ni da Bridget da yara. Mun ce bari mu ga ɗanmu a talabijin. Ka iya. Bridget ma ta yi dariya kafin ta gane."

Daga gaba Bridget ta ce, "Ban sake ba."

"Abu ɗaya nake so na ta-tambaye ka. Lokacin da kake zaune a nan, muna hira, kana kallon bakina. Saurare na kake yi, ko ko-koyo kake yi?"

Sammani ya so ya ce saurare. Amma ya tuna yadda yakan jira Uchenna ya juya baya ya maimaita kalmar a hankali don kada ta ɓace masa.

Ya ce, "Duka biyun, Oga."

Uchenna ya gyaɗa kai. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya tura masa kwalbar ya ce ya sha kafin sanyinta ya tafi. Ya ɗauki tocilarsa ya ci gaba da aiki, suka ɗan taɓa hirar mutanen layin, wanda ya mutu da wanda ya koma gida. Da Sammani ya tashi tafiya, Uchenna ya ce ya gaida Kubura.

Washegari ya je ofishin Hajiya Yakaka. Ya ce zai yi shirin, amma a cire in'inar, a cire bugun cinyar, a bar ɗan kasuwa mai wayo kawai.

Ta ce, "Alhaji, in an cire in'inar me ya rage? Ita mutane ke jira."

Ya gaya mata labarin Uchenna. Ta saurara har ƙarshe, ta ce abin ba daɗi, kuma da gaske take. Amma an riga an ɗauki ma'aikata, an kama gidan da za a yi ɗauka, an yi talla. Ta ce ya je ya yi tunani zuwa Juma'a. Ya ce ya riga ya yi.

Janyewarsa ba ta hana komai ba. Aka canza labarin, aka ce Oga Batir ya koma ƙauye ya bar wa ƙanensa shago. Aka samo wani sabon ɗan wasa da ya tashi da kallon finafinan Sammani, ya iya shi fiye da yadda Sammani ya iya kansa. Shirin ya karɓu. Sammani ya nemi a sake gayyatar sa gidan rediyon don ya gyara maganar da ya yi, sai kuma ya fasa, don ya ga in ya ambaci Uchenna mutane za su sake cika ƙofar shagon.

Ya koma fitowa a uban wani. Watan jiya aka kira shi wata ɗauka a wani gida a Fagge, fitowa biyu, zai yi wa ɗansa na cikin fim faɗa a kan ya bar makaranta. Ana jiran a gyara fitila, matasan da ke wurin suka kewaye shi, ɗaya ya ɗaga waya ya ce don Allah ya yi musu Oga Batir ko sau ɗaya.

Sammani ya ce ya manta yadda ake yi.

Suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne. Suka jira. Da suka ga bai yi ba, sai suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna a kan kujerar roba yana bitar layinsa har darakta ya kira shi.