Hoton Ranar Talata

"Na ce miki ba a shiga sai da takarda," in ji mai gadi, ya tare ƙaramar ƙofar da jikinsa.

"To ga takarda," in ji tsohuwar, ta ɗaga jaridar da ke hannunta.

A haka Baba Ƙyas ya iske su da safiyar Alhamis a bakin Ma'aikatar Harkokin Waje, jakar kyamara rataye a kafaɗarsa. Shekara ashirin da shida yana ɗaukar wa ma'aikatar hoto, sunan ma daga ƙarar kyamararsa ya samo shi, har ministoci da shi suke kiransa. Gwani ne wajen wucewa ta gefen rigima kamar bai gani ba, abin mamaki ga mutumin da gani ne sana'arsa. Yau ma ya so ya sulale, sai idonsa ya faɗa kan shafin farko na jaridar. Hotonsa ne: jerin manyan motoci shaƙe da buhunan hatsi, a gaba wani dogon direba ya dafa ƙofar motarsa. A ƙasa an rubuta cewa an ɗauke shi ranar Talata, lokacin da ayarin agajin abinci ya tashi zuwa maƙwabciyar ƙasa.

"Baba Ƙyas, ka cece ni," in ji mai gadi. "Tun ƙarfe bakwai take nan. Wai ɗanta ne a jarida."

Tsohuwar ta juyo. 'Yar ƙarama ce, an ɗaure hannun tabaranta da zare, ga ƙullin kaya a gefen ƙafarta. Ta ɗora yatsa a ƙirjin direban.

"Dogo ne, autana. Shekara huɗu da suka wuce mutanenku suka zo har gida suka ce ruwa ya ci shi da motarsa, ba a ga gawa ba. Muka yi zaman makoki, matarsa ta gama takaba ta yi wani auren. Jiya mai shagon layinmu ya kawo mini wannan, ya karanta mini. Ya ce Talata. Shekaranjiya fa ke nan, ɗan nan."

Baba Ƙyas ya ƙura wa hoton ido. Wata uku ke nan ana yaƙi a maƙwabciyar ƙasar, jaridun waje sun dage cewa motocin gwamnati makamai suke kai wa ɓangare guda, gwamnati kuma ta rantse hatsi ne. Ranar Talata an tura shi wurin da ake lodi, amma wani soja ya sa tafin hannu ya rufe masa bakin kyamara. Abin da ya hango kafin a kore shi dogayen akwatunan katako ne, kowanne sai ƙarti huɗu sun yi nishi yake tashi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Da ya dawo hannu Rabbana, Daraktan Yaɗa Labarai ya ce a duba tsofaffin hotuna a samo na motocin hatsi, don a ƙawata shafi kawai. Shi da hannunsa ya zaɓo wannan, daga ayarin agajin ambaliya na shekara huɗu baya, saboda haskensa ya fi kyau. Ya san wanda ke ciki sarai. Ce wa kansa ya yi, wa zai tuna?

Ya zaunar da ita a bencin mai gadi, ya hau bene.

A bayan idon Darakta, ma'aikata Babu Komai suke ce masa, don ko gobara ce ta tashi da kalmar zai fara. Yana zaune cikin sanyin na'ura, wayoyi uku jere a gabansa.

"Yallaɓai, akwai matsala a ƙasa."

"Babu komai. Mece ce?"

"Mahaifiyar direban da ke hoton nan ce. Ya rasu a waccan tafiyar. Yanzu ta ɗauka yana raye, har ta ɗauro kaya."

Darakta ya cire tabarau ya murza idanunsa. A yi masa adalci, ba mugu ba ne. Ya daɗe ne yana gyara magana har ya manta yadda take kafin gyara.

"Innalillahi. Cikin hotuna dubu, sai na mamaci ka zaɓo mana?"

"Ni hoto na bayar, Yallaɓai. Ban ba da Talata ba."

"Zauna, Baba Ƙyas. Ka ɗauka ni daɗi nake ji? In muka ce tsohon hoto ne, gobe duniya za ta tambaye mu ina sabon. In muka ce akwatuna ne, jibi an janye jakadu. Mutanen nan da muke mara wa baya, in suka faɗi, yaƙin a gidanmu zai kwana. Manya sun auna sun yanke. Ni da kai namu riƙon labule ne."

"Tsohuwar fa?"

"Ka ce mata yana wani aiki na musamman, ba a samunsa a waya. Ta koma gida ta jira."

"Ta jira har yaushe?"

"Shekararta nawa?" in ji Darakta. Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya kau da kai ya shiga gyara wayoyinsa. Can ya ce, "Saura wata goma sha takwas ka yi ritaya. Kowa ya kwana lafiya, shi ya so."

Baba Ƙyas ya sauko da niyyar faɗin abin da aka ce ya faɗa, don ya saba. Amma da ya ga ta miƙe tun daga nesa tana gyara mayafi, sai ya karɓi littafin baƙi ya sa mata hannu, ya ɗauki ƙullin kayanta, ya ce ta biyo shi.

Ɗakinsa a ƙarƙashin matakala yake, babu taga, durowoyin tsofaffin hotuna sun cinye rabinsa. Ya share mata kujerarsa, ya kunna kwamfuta, ya buɗe hoton na asali. Ya nuna mata kwanan watan da ke jikinsa, ya karanta mata a hankali. Ya nuna mata na gaba, da na gaban na gaba: ayarin a hanya, gada, jan ruwa ya cika ya batse, mutane a bakin gaɓa riƙe da igiyoyi.

"Inna, tsohon hoto ne. Ni na ɗauka. Dogo ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Abin da aka rubuta jiya ba gaskiya ba ne."

Ya zaci za ta yi kuka. Ba ta yi ba. Katin aikin da ke rataye a wuyansa ta tsura wa ido.

"Wancan karon, masu irin wannan igiya a wuya suka ce ya mutu," ta ce. "Jiya masu irinta suka ce yana raye. Yau kai da ita a wuya ka ce ya mutu. Kwanan watan nan da kake nuna mini, ba ku kuke rubutawa ba? Ai wanda ya rubuta Talata zai iya rubuta wannan."

"Wallahi, Inna..."

"Su ma sun rantse, a rediyo na ji. Ban ce kai maƙaryaci ba ne, ɗan nan, fuskarka ta mutanen kirki ce. Amma ɗan aike abin da aka aike shi yake faɗa. Na tambaya, motar iyaka ƙarfe biyu take tashi. Zan je in gani da idona."

"Ana harbi a hanyar nan, Inna."

"To ɗana a cikin harbin yake, ko a cikin ruwa? Ku kuka sani."

Ta ɗauki ƙullinta da kanta, ta ƙi ya riƙe mata.

Ya daɗe a tsaye bayan fitarta. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, har da ɓacin rai. Duk shekarun nan yana taƙama cewa masu baki a saman bene su suke ƙarya, shi kam gani ya kori ji. Ashe da ganin nasa ake rufe akwatuna. Ga shi yau karo na farko ya faɗi gaskiyar da ba a sa shi ba, an rasa mai saye. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da kwata. Ya ɗauki waya ya kira gida.

"Maman yara, in na dawo da wuri yau, gobe kuma ban fita ba fa?"

"An kore ka?"

"A'a. Ni zan kore su."

"Kai ɗin? Kai da in an taka maka ƙafa a bas kai kake ba da haƙuri?" Yana jin ƙarar famfo a bayanta. "Hoton nan ne ko? Tun jiya na ga abinci ma wasa kake da shi."

"Shi ne."

"Wata goma sha takwas fa, Baban yara."

"Na sani."

Aka kashe famfon. "To," ta ce. "Ka taho mini da kofin shayin nan, kada ka bar musu. Ni na saya."

Da hannu ya rubuta takardar, don bai so ta bi ta wurin masu gyara. Layi biyar ce. Ya ce hoton da aka buga na shekara huɗu baya ne, mutumin da ke ciki ya rasu. Ya ce abin da ya gani ana lodawa ranar Talata ba hatsi ba ne. Ya ce idan gwamnati ta ga daidai ne ta shiga yaƙin maƙwabta, ta fito ta faɗa wa mutanenta, shi dai bai yarda ba, kuma ba zai ƙara ba da aron idonsa a rufe na wasu ba. Ya sa hannu, ya sa kwanan wata, ya sake dubawa don ya tabbata Alhamis ya rubuta.

Darakta ya karanta sau biyu.

"Ka san babu jaridar da za ta buga wannan? Kai ba minista ba ne, ba jakada ba ne. Motoci ba za su fasa tafiya ba. Gobe wani zai rataya kyamarar."

"Na sani, Yallaɓai."

"To don wa kake yi?"

"Akwai wadda nake so ta ji magana ɗaya daga bakina, kuma katin nan ya hana."

Ya cire shi ya ajiye kusa da wayoyin. Kyamarar ta gwamnati ce, ya kai wa mai kula da kaya, aka duba aka karɓa. Da ya fito titi sai ya ji yana tafiya a karkace, kafaɗar ba ta saba da rashin nauyi ba. Kofin shayin yana aljihunsa yana dukan cinyarsa.

Bas ɗin da ya hau tsayawa yake yi duk inda aka ɗaga hannu, sai ɗaya da rabi ta gota ya isa tasha. Ya ratsa masu talla da masu dako, ya yi tambaya sau uku kafin a nuna masa layin motar iyaka. An kusa gama lodi. Tana zaune a benci ƙarƙashin rumfa, ƙullin a cinyarta, jaridar a naɗe a hannunta. Ya tsuguna a gabanta, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Inna, dubi wuyana."

Ta duba.

"Na bar aikin. Na rubuta musu dalili, na sa hannu. Yanzu babu wanda ya aiko ni. Ki tambaye ni."

Ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau. "Kana da iyali?"

"Ina da su."

"Lallai ba ka da wayo," ta ce a hankali. Ta gyara riƙon ƙullin. "Kana wurin?"

"Ina motar da ke bayan tasa. A idona gadar ta karye. Kwana uku muna nema."

"Ba ka ga ya fito ba?"

"Bai fito ba, Inna."

Sai ta ce, "Ya ci abinci ran nan?"

Baba Ƙyas bai shirya wa wannan ba. Ya sunkuyar da kai, sai ga ranar ta dawo masa sarai.

"Ya ci. Da hantsi muka tsaya, aka raba mana burodi da kifin gwangwani. Ya cinye nasa. Ina can ina ɗaukar motoci, kafin in juyo ya cinye nawa. Da na yi magana sai ya ce ai mai kyamara haske yake ci."

Dariya ta kufce mata, gajeriya, kamar tari.

"Ɓarawon abinci," ta ce. "Tun yana rarrafe yayyensa suke ɓoye masa kwano. Shi ne. Wallahi shi ne."

Daga nan dariyar ta juye. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna rawa, ba ƙara. Baba Ƙyas ya tashi ya zauna a gefenta. Shi ya jawo mata kukan nan, na farkon ma ba ta gama warkewa ba.

Ɗan kamasho ya buga jikin motar da tafin hannu. "Saura mutum ɗaya! Iya, ke muke jira, ki shiga mu tafi!"

Ba ta buɗe fuska ba. Hannu ɗaya ta fitar daga mayafin, ta yi masa alamar su wuce.