Ranar Da Poasa Ya Ƙona Rabon Mai Gari

Poasa ya ƙona rabon mai gari a gaban kyamara, ƙasar Samoa gaba ɗaya tana kallo. Ba ɗan babbakewa naman ya yi ba. Gawayi ya zama.

Shi ne mai shirin girki na yammacin Asabar a talabijin, kuma shekara da shekaru babu wanda ya taɓa ganin ya ƙona ko gwaza ɗaya. Ƙato ne, in zai shiga ƙofa sai ya karkace. Girkinsa ba na matsorata ba ne. Da hannunsa yake matse madarar kwakwa, matsar farko mai kauri, ya kwarara ta a kan ganyen gwaza har ta tumbatsa. Wutsiyar talotalo, haƙarƙarin rago mai kitse, naman gwangwani, duk ba ya jin kunyarsu. In ya zuba sai ya kalli kyamara, ya ɗaga gira, ya ce, "Ƙara masa!" Har direbobin bas a Apia, babban birnin ƙasar, sun ɗauki maganar, da ita suke tsokanar fasinja in mota ta cika.

Ma'aikatan asibiti ba sa dariya. Sun yi ta bugo waya gidan talabijin suna cewa mutumin nan yana cika musu gadaje da masu ciwon suga. Wata rana aka haɗa shi da wata nas a cikin shirin, ta ce masa ya rage maiƙo ko don tsofaffi.

"'Yar'uwa," in ji Poasa, "kakanninmu kwakwar nan suka sha suka tuƙa kwalekwale har Tonga. Wanda yake tsoron kitse, rayuwa yake tsoro."

Aka yi ta tafi. Rabin gaskiya ya faɗa, don kakannin ba su ci gwangwani ba, kuma ba a mota suke zuwa gona ba. Amma mutumin ba ya ha'inci da tukunya. Abin da ya dafa shi yake ci, kuma duk wanda ya taɓa ɗanɗanawa ya daina musu na ɗan lokaci.

Sai ƙauyensu da ke tsibirin Savai'i ya gama ginin sabuwar coci. Mai gari Pelenato ya aiko a ce wa Poasa shi zai yi girkin buɗewa. Pelenato wan mahaifinsa ne, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami, shi ya koya masa yadda ake jera duwatsu masu zafi a umu, murhun da ake rufe abinci a ciki da ganye. Gidan talabijin ya ce za a nuna bikin kai tsaye.

Ana gobe biki da safe, Poasa yana zaune a bayan madafa yana kankare kwakwa, sai ga Salafai, matar mai gari. Ta kori matan da ke wurin, ta zauna a kan turmi.

"Kai, rage hayaniyar nan in yi magana."

"Goggo, in kuɗin anko ne na biya."

"Baffanka ya faɗi bayan bikin Kirsimeti."

Poasa ya ajiye kwakwar.

"A banɗaki na tsince shi, bakinsa ya karkace. Muka tsallaka da shi Apia a jirgin ruwan asuba, muka ce wa mutane taron coci ya tafi. Likita ya ce jininsa ya hau, zuciyar ta gaji, ga suga. Ya ce kitse da gishiri, in ya ci gaba, mu fara neman katakon akwatin gawa."

"Me ya sa ba a gaya mini ba?"

"Wa aka gaya wa? Ko fasto bai sani ba. Baffan naka ya ce ranar da gari ya ji, ranar za a fara ƙirga masa magada yana zaune. A gida na iya da shi, kifi nake dafa masa yana zagina yana ci. Amma gobe za ka ajiye masa gadon baya a gaban jama'a."

Ba sai ta ƙara bayani ba. Kowa ya san rabon alade a wurin biki. Kai na masu girki ne, cinyoyi na masu magana da yawun gari, gadon baya kuwa, inda kitsen ya fi kauri, na mai gari ne shi kaɗai. Ba a ba shi wani wuri, ba a ba wani nasa. Zai ci a gaban mutane, sauran a kai masa gida ya yi kwanaki yana yanka.

"Ba zai ɗan taɓa ya ture ba?"

"Pelenato? A talabijin?" Ta miƙe tana kaɗe zani. "Kai ka san shi."

Poasa ya wanke hannu ya nufi babban zaure. Ya tarar da tsohon yana zaune a kan tabarma, ya jingina da ginshiƙi, yana murza igiyar ɓawon kwakwa a cinya. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa kafin ya buɗe baki.

"Baffa, na zo da shawara. Masunta sun kawo wani babban kifi. Na ce ko shi za a gabatar maka gobe."

"Alade ya mutu ne?"

"Yana nan."

"To goggonka ta yi surutu." Bai ɗago ba. "Kai likita ne ko kuku?"

"Kuku ne, Baffa."

"To tsaya a tukunyarka. Duk Asabar ina kallonka. Ba kai ka ce wanda yake tsoron kitse rayuwa yake tsoro ba? Da ka faɗi haka har na buga ƙasa, na ce wannan ɗana ne. Yanzu ni za ka mayar matsoraci a gaban Samoa?"

"Maganar talabijin ce, Baffa."

"Au, ƙarya kake yi mana ke nan?"

Matsalar ita ce, ba ƙarya Poasa yake yi ba.

"Tashi ka ba ni wuri," in ji tsohon. "Kuma ka matse kwakwar da kyau. Kada ka kawo mini ruwa-ruwa irin na otal."

Ya koma madafa ya ci gaba da kankara. Ko cin biki ɗaya yana kashe mutum, shi bai sani ba. Abin da ya sani, hannunsa ne zai ɗauki faifan, kuma maganarsa ce tsohon ya riƙe kamar aya. In ya ajiye kifi alhali gadon baya yana nan lafiya, ya ci mutuncin mai gari, kuma kowa zai tambayi dalili. In ya faɗi dalilin, ya tona asirin da mutumin ya fi tsoro fiye da mutuwa. Ya juya abin ta kowace fuska, hanya ɗaya kawai ya gani, kuma ba ta yi masa daɗi ba.

Washegari aka hura wuta har duwatsu suka yi ja. Aka cusa wasu a cikin aladen, aka kwantar da shi. Poasa ya karɓi maɗaukin duwatsun da kansa, ya zaɓo duwatsun da suka fi zafi, ya jera su a kan gadon bayan, fata da dutse, babu ganye a tsakani. Ya ƙara da garwashin ɓawon kwakwa.

Fereti, ɗan baffansa kuma sa'ansa, yana riƙe da ganyen ayaba yana kallo.

"Maigida, ka manta shimfiɗa."

"Kai ake nunawa a talabijin ko ni?"

"Sabon salo ne daga birni?"

"Rufe, Fereti. Bakinka da murhun duka."

Aka rufe. Aka shiga coci, aka yi waƙa, fasto ya yi dogon wa'azi. Poasa yana zaune a benci na baya cikin farar riga, gumi yana bin wuyansa. Bai ji ko kalma ɗaya ba.

Da aka fito, masu kyamara suka kewaye umu. Matar da ke shirya shirin ta ɗaga masa hannu alamar an fara. Samari suka janye buhuna da ganye. Warin ne ya fara isa ga mutane. Gwaza ta nuna lafiya, ƙunshin ganye da kwakwa sun yi kyau, cinyoyi sun yi jawur suna ɗigar mai. Gadon baya kuwa, daga wuya har gindi, baƙi ƙirin. Fereti ya taɓa da wuƙa, wurin ya rufta kamar tsohuwar bukka.

Wata tsohuwa ta yi salati irin nasu. Wani daga baya ya ce, "Ƙara masa!" Dariya ta ɓarke, dattawa suka tsawatar.

Poasa bai kalli kyamara ba. Ya taka har gaban zaure inda manya suke jere, ya zauna a kan tsakuwa cikin rana, ya sunkuyar da kai.

"Ranku ya daɗe, na ɓata rabon mai gari. Hannuna ne ya kuskure. Babu laifin kowa sai nawa."

Ba a ba mai gari cinya, wannan ya fi ƙonewar muni. Abin da ya rage wanda ya kai darajarsa shi ne kan babban kifi. Poasa ya riga ya gasa shi daban a cikin ganye, da lemun tsami da albasa da ɗan ɗigon kwakwa. Ya kawo da kansa, ya ajiye.

Pelenato ya kalli kifin. Ya kalli baƙin abin da ke hayaƙi a can. Sannan ya zuba wa Poasa ido, ya daɗe, har mai kyamara ya rasa inda zai juya. Daga nan ya sa hannu ya ɓare kumatun kifin ya kai baki.

"Babu gishiri," ya ce. Ya ci gaba da ci.

Ranar Litinin majalisar gari ta zauna. Masu magana suka yi ta tashi da zafi, suna cewa an kunyata ƙauye a idon duniya, har 'yan'uwan da ke ƙasar waje, a birnin Auckland, sun bugo suna tambaya. Pelenato ne ya yanke hukunci, kuma bai sassauta ba. Poasa zai biya tara da aladu da katon-katon na kifin gwangwani, kuma ba zai sake buɗe umu a wani bikin gari ba sai majalisa ta yafe.

Da aka watse, Poasa yana naɗe tabarmi, tsohon ya tsaya a kansa da sanda.

"Ni na koya maka jera dutse."

"Kai ne, Baffa."

"Ko a buge ba za ka manta ganye ba."

Poasa ya ci gaba da naɗi.

"Shege mai taurin kai." Tsohon ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Kifin nan. Ka nuna wa goggonka yadda ake yi. Nata kamar jiƙaƙƙen tsumma."

A Apia kuwa hoton ya bazu a wayoyi. Kamfanin da ke ɗaukar nauyin shirin ya ce ba ya son sunansa kusa da gawayi. Mai shirya shirin ta kira Poasa ofis, ta rufe ƙofa.

"Poasa, na daɗe ina aiki da kai. Na ga lokacin da kake jera duwatsun nan, hannunka bai yi rawa ba. Faɗa mini dalili. In akwai labari a ciki, mu fito da shi ranar Asabar, mutane su ji, ka koma kujerarka."

"Babu labari."

"Wani ne ba shi da lafiya?"

"Kowa lafiya lau."

"To me zan gaya wa manya?"

"Ki ce kuku ya ƙona nama. Ai sun gani."

Ta yi ta lallashi, bai ƙara komai ba. Ya fi ta sanin cewa magana ɗaya za ta wanke shi, har ma a ɗauke shi gwarzo. Ya ɗauki wuƙaƙensa da abin kankare kwakwa, ya yi sallama da masu gadi.

Yanzu wani saurayi ne da ya yi karatun girki a waje yake shirin Asabar, yana auna mai da cokali. Wasu na so, wasu na kashe talabijin. Pelenato yana nan da ransa, yana zagin kifi yana ci, kuma har yau gari bai san ya taɓa faɗuwa ba. Poasa yana sayar da ƙunshin ganyen gwaza a wata rumfa kusa da tashar bas. Layi yana yin tsawo da rana, amma babu wanda yake kiransa da sunansa. Mai Gawayi suke ce masa, yara da manya, shi kuma yana amsawa.