Gadon Ya Yi Sanyi

Tangi da matarsa Rozenn gado ɗaya ne da su a jirginsu, siriri kamar benci, kuma in suna cikin teku ba sa haɗuwa a kansa. Haka zaman mutum biyu yake a jirgin da iska ke turawa: ɗaya na sama yana gadi, ɗaya na ƙasa yana barci. Suna da wata jar hular ulu da gishirin teku ya cinye launinta. Wanda take kansa shi ke da jirgi. Wanda ba ta kansa kuwa dokarsa ɗaya ce, ya kwanta ya rufe ido, ko da rana tsaka ce. Shekara talatin da ɗoriya suna wannan karɓa-karɓa, daga Camaret da ke gaɓar Faransa zuwa tsibiran zafi su dawo.

Ni ce Katell, jirgina ke ɗaure kusa da nasu a gadar katako ta Camaret. Ni kaɗai nake zaune a nawa, Tangi kuwa bai taɓa barin in manta da haka ba.

"Ke gwauruwa me kika sani?" in ji shi. "Ni tunda na auri tsohuwar nan ban taɓa shiga gado mai sanyi ba. Tana tashi, ina faɗawa cikin ɗuminta."

"Abin da ka aure ni don shi ke nan, tsoho," Rozenn za ta ce. "Da ka sani ka sayi murhu, ya fi ni shiru."

Mantuwa ta fara masa a hankali. Ya tafi sayen burodi ya dawo hannu rabbana. Ya ajiye man shanu cikin akwatin guduma. Wata rana ya kira ni da sunan yayarsa da ta daɗe a kabari. Amma ka miƙa masa igiya, sai ya ƙulle ta ido rufe, ƙullin da ni har yau sai na tsaya tunani. Likita a Brest ya faɗi abin da ya faɗa, 'yarsu ta nemo musu ɗaki a saman gidan burodi. Tangi ya ce shi dai kaka ta yi, kudu za shi kamar kowace shekara.

Rozenn ta ƙwanƙwasa min jikin jirgi da faranti a hannu, wainar alkama mai zafi da kifin sardin. Na san ba banza ba.

"'Yar uwa, ki raka mu tsibirin Madeira. Ki ce kewar rana kike yi."

"Ni da ko ƙarya ban iya ba?"

"Ki koya. In muka isa lafiya, 'yarmu za ta ƙyale mu. In ba mu isa ba, sai zaman tudu. Kin san mutumin nan a tudu kifi ne a kan tebur."

Tangi ya kalle ni sama da ƙasa da na kawo maganar. "Kewar rana, ke da fatarki kamar ɓawon albasa? To, shigo. Amma baƙo ba ya taɓa hula."

Muka saki igiya da safe cikin yayyafi. Tekun Biscay ta karɓe mu yadda ta saba, toka-toka, da sanyi mai shiga ƙashi. Tangi na sama da jar hularsa, jirgi na tafiya sumul a hannunsa, har na fara cewa likitan nan surutu ne kawai. Sai washegari, ina miƙa masa kofi, ya dube ni ya ce, "Wai ina muka nufa ne?" Ya yi dariya nan take, ya ce gwada ni yake yi. Rozenn ta ji daga ƙasa, kuma ba ta yi dariyar ba.

Daga ranar ta daina barci. In ta ba shi hula ta sauko, sai ta laɓe a gindin tsani inda ba zai hango ta ba, ido a kan ƙaramin kamfas na ciki mai nuna alƙiblar jirgi, safa jiƙe, tana rawar ɗari. In lokacin canji ya matso, ta faɗa gadon ta ɗan mirgina har ya ɗumama, ta hargitsa gashinta, ta hau tana hamma.

Abin ya ba ni haushi. "Ki kwanta mana, ni in duba miki kamfas ɗin," na ce mata ƙasa-ƙasa.

"Mijina ne. In za a yi masa leƙen asiri, gara ni in yi."

"To ramin ƙarya ƙurarre ne, na dai faɗa miki."

"Na ji, malama mai wa'azi. Matsa, kin tare min."

Ana haka wata la'asar wani ƙaton jirgin kaya ya ɓullo daga hazo, ya nufo hanyarmu. Rozenn ta manne da ƙaramar taga, farcenta cikin katako. Tangi kuwa ya gan shi tun kafin mu, ya kauce masa a natse, ya bi ta bayansa kamar mai ba babba hanya. Ba ta bar tagar ba sai da ƙaton ya shige. Tana juyowa muka ji muryarsa daga sama.

"Tsohuwa! Tashi haka nan, hula na kiranki!"

Babu sauran lokaci. Ta hargitsa gashi, ta hau tana hamma.

Ya sauko yana fito, yana jin daɗin kansa. Ya cire takalman roba, ya ɗaga bargo ya kwanta. Fiton ya tsaya. Ina zaune ina yanka albasa, na ga bayansa ya sandare. Ya tashi zaune, ya shafa shimfiɗar da tafin hannu daga kai har ƙafa, ya sake shafawa. Ya mayar da takalmansa ya hau, ni ma na bi shi har bakin tsani.

"Rozenn, kin yi barci?"

"Kamar gawa. Me ya faru?"

"Gadon ya yi sanyi."



"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun ranar kofi."

"Wace ranar kofi?"

Wannan tambayar ce ta karya ta. Ta fashe da kuka, hannu ɗaya a sitiyari. Shi kuwa ya tsaya yana kallonta, yayyafi na sauka a kan sanƙonsa, na ga ya gane cewa akwai ranar da ta ɓace masa. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

"Ba ni hular," ya ce.

Ta ba shi. Ya sa, ya sassauta igiyar zanen iska, ya juya jirgin da kansa, juyi mai tsabta da ban taɓa ganin wanda ya fi shi ba. Hancin jirgin ya koma arewa.

"Tangi, mun fi rabin tekun nan fa. Don Allah."

"In na ƙasa ba ya barci, ba mu biyu ba ne. Ke kaɗai ce, da kaya. Ba zan kashe ki da tsayuwa ba don in ga dabino."

Kafin hunturu wasu ma'aurata 'yan Holan suka sayi jirgin suka tafi da shi. Ban fito na ga tafiyarsa ba.

Yanzu suna saman gidan burodi, da gado mai faɗi da 'yarsu ta saya. Nakan kai musu kifi. Tangi ya manta Madeira, ya manta sunan jirgin, ni kuwa yayarsa ce ni har abada. Hular dai tana nan. Yakan sa ta ya zauna bakin taga yana gadin tashar jiragen, Rozenn kuma dole ta kwanta, ko da rana tsaka ce.

Ranar da na je ƙarshe na tarar da ita a ƙarƙashin bargo, ido biyu, tana kallon silin.

"Jirgin kike tunani?" na ce.

"Jirgi katako ne. Zauna ki gani."

Can Tangi ya taso daga taga, ya cire hular. Kafin ya miƙa mata, ya sunkuya ya zura tafin hannunsa ƙarƙashin bargon, ya tsaya jim yana ji. Sannan ya gyaɗa kai ya ba ta.

"Shekara talatin bai taɓa dubawa ba," in ji Rozenn, tana jan hular zuwa kunnuwanta. "Komai ya zube masa, Katell. Wannan kaɗai ya ƙi zubewa."